Majanyin Iya Laraba

"Ke Rifkatu, jariri ne a hannunki, ba buhun masara ba. Tallabe masa kai!"

Rifkatu ta dubi goran da ke naɗe cikin tsohon majanyi, ta dubi tsohuwar da ke kishingiɗe a tabarma. "Iya, gora ne fa."

"A wurinki. A wurin yara Yesu ne."

Tun kafin a haifi Rifkatu, Iya Laraba ce ke koya wa malaman makarantar Lahadi yadda za su ba yara labarin haihuwar Almasihu, a 'yar majami'ar ƙauyensu da ke gefen hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. Bana ƙafa ta ƙi, sai aka mai da koyon tsakar gidanta, gidan da babu kowa sai ita da kajinta. Su uku suka fara zuwa. Ishaya ya tafi yankan shinkafa, shiru. Lami ta bi mijinta Kano. Aka bar Rifkatu, 'yar maƙwabta, wadda ta gama kwalejin horon malamai ta dawo gida tana jiran aikin da ya ƙi zuwa. Ana cewa boko ya sa mata girman kai. Ba ta taɓa musawa ba.

"Sake ɗaukowa daga farko," in ji Iya.

Rifkatu ta fara. Yusufu da Maryamu sun isa Baitalami, babu wuri a masauki, sai ga makiyaya a daji…

"Tsaya! Ina za ki da wannan gudun? Kowa ɗokinsa ya kai wurin mala'iku. Ki tsaya a bakin ƙofar nan. Ki bari yara su ji ƙarar sakata."

"Iya, yaran yanzu ba su da haƙuri."

"Ke dai ce ba ki da shi."

Malam Shitu, maƙwabcinsu na bayan gida, ya leƙo ta saman danga zai wuce masallaci. Shi ke ba su aron komin dabbobi duk shekara.

"Iya, ya ƙarfin jiki? Tumakina sun kawo ƙararki. Sun ce duk sallarku a ƙasa suke cin dusa."

"Ka ce musu ladansu na sama."

Ya yi dariya ya wuce. Ita ma ta fara dariyar, tari ya ƙwace ta. Rifkatu ta riƙe mata kofin ruwa har ya lafa.

Wata rana da la'asar Rifkatu ta ɗaga majanyin, hasken rana na ratsa shi saboda tsufa. "Ranar kasuwa zan sayo sabo. Wannan ya mutu."

Iya ta miƙa hannu ta shafa majanyin.

"Da tsohon ciki na saye shi," ta ce. "Yaron bai kwana a duniya ba. Wani kuma bai sake zuwa ba. Sau ɗaya a shekara yake yin aikin da na saye shi dominsa. Ki bar shi ya yi."

Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Rifkatu ta shigo gidan Iya da safe da kwanon kunu. Kaji na ta kuka a akurki, ba a buɗe musu ba. Ta yi sallama har ta gaji, sannan ta ɗaga labule.

Matan zumuntar majami'a suka yi wa gawar Iya wanka. Da za a rufe akwatin gawa, matar Baba Dogara, dattijon majami'a, ta ninke majanyin za ta saka a ciki. "Kayanta ne, ta tafi da abinta."

Rifkatu ta riƙe ɗaya gefen. "A'a, Mama. Yana da aiki."

"Wane aiki?" Baba Dogara ne daga bakin ƙofa. "Bana babu labarin yara. Muna makoki. Kuma wa zai bayar? Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba."

"Yarinyar da ko goyo ba ta taɓa yi ba."

"Ita ma ba ta taɓa yi ba."

Matar ta saki majanyin.

Ranar Kirsimeti da sassafe Rifkatu ta tarar da komi a ƙofar majami'a, an wanke shi tas, bai gama bushewa ba. Malam Shitu bai tsaya a gode masa ba. Yaran da suka zo ba su cika benci biyu ba. Ta tsaya gabansu ita kaɗai, ta taho da Yusufu da Maryamu har Baitalami, har bakin masauki. Ta ƙwanƙwasa benci. Ta ce an tura ƙofa, an sa sakata.

Sai ta yi shiru.

Yara suka zuba mata ido. Wata 'yar ƙarama ta cire yatsa daga baki. "Anti, babu wanda zai buɗe musu?"

"Babu," in ji Rifkatu. Ta bar su a bakin ƙofar har wani ya fara shessheƙa. Sannan ta ɗauko goran cikin majanyinsa, ta tallabe masa kai, ta kwantar da shi a komi.

Da yamma, ana ta rabon shinkafa gida-gida, ta shiga gidan Iya ta watsa wa kaji tsaba. Ta wanke majanyin a hankali don kada ya yage, ta shanya a igiyar da babu komai a kanta. Ta zauna a bakin tabarma, yana ɗigar da ruwa a ƙasa.