Watan da Faruk Ya Zana

A shekarar 1994 Faruk ya dawo Madarumfa daga Yamai da takardar aikin jinya, aka ba shi tagar raba magani a asibitin garin. Hannunsa na da kyau a zane tun yana lakwal, wato makarantar boko. Bai daɗe a tagar ba ya lura yawancin matan ƙauye ba sa karanta boko. Su karɓi ƙwayoyi, su ce "to", bayan mako su dawo da ciwonsu.

Sai ya yanka kwali ya zana hotuna uku: rana tana ɓullowa, rana a tsaka, da jinjirin wata. Safe, rana, dare ke nan. Ya ƙulle ƙwayoyi ƙulli uku, ya manna kowanne a ƙarƙashin hotonsa. Majo Sani, shugaban ma'aikatan jinya, ya yaba ƙwarai, har ya kai kwalin wurin wani taro a Maradi. Daga nan Faruk ya daina dogon bayani. Wadda ta tsaya tambaya sai ya ce, "Ga shi nan a zane, ko yaro ya gane."

Cikin damina gwaggonsa Ɗelu, ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga Safo da tari mai ciwon ƙirji. Ya ba ta kwali da maganin mako guda. Bayan kwana goma aka kawo ta a amalanken jaki, tana numfashi da ƙyar.

"Gwaggo, ba ku sha maganin ba ke nan," ya ce, a gaban matan da ke zaune a benci. "Mutum ya yi ta wahala, ku kuma ku yi abin da kuka ga dama."

Ta kwance bakin zanenta a hankali, ta fito da ƙulli ɗaya da ba a taɓa ba.

"Na safe da na rana na shanye, ɗan nan. Wannan na wata ne. Kullum da magariba sai na sa a duba mini yamma, bai tsaya ba tukuna."

Wata mata mai suna Jummai ta gyara goyonta ta ce, "Ai mu ma haka muka ɗauka. Ni na zaci in wata ya tsaya sai a shanye su gaba ɗaya."

Nan take Faruk ya gane inda kuskuren yake. A littattafan lakwal, wata na nufin dare. Su kuwa waɗannan mata, wa ke neman jinjirin wata in ba don ƙirgen kwanan wata ba? Shi ma ya san haka, a gidan da ake leƙen wata aka haife shi. Watanni biyar yana raba kwalin nan, bai taɓa tambayar ko mutum ɗaya abin da ta gani a ciki ba.

Da Majo Sani ya fito, Gwaggo Ɗelu ta riga shi magana. "Likita, kada ku ga laifin yaron. Ni ce ban yi boko ba."

Wannan ya fi komai yi masa nauyi. Ya kasa ɗaga kai, amma ya buɗe baki ya faɗa wa Majo gaskiya. Majo ya sa aka kwantar da ita aka fara allura.

Washegari Faruk ya fito da farin kwali ya tsuguna gaban matan benci.

"Iyayena, ku gaya mini, da me kuke raba yini?"

Suka kalli juna, suka yi dariya. Jummai ta ce, "Da ciki mana. Kunu da safe, fura da rana, tuwo bayan magariba."

Ya zana ludayi, da ƙwarya, da tukunya a kan murhu. Ya miƙa musu ba tare da ya ce komai ba, ya jira su faɗi abin da suka gani. Wata tsohuwa ta ce ƙwaryar ta yi mata kama da hula. Ya yaga ya sake, har sau huɗu.

Gwaggo Ɗelu ta yi mako uku kafin ta koma Safo da ƙafarta. Faruk ya ari keke, ya bi ƙauyuka gida-gida yana karɓar tsofaffin kwalaye, yana ba da haƙuri a kowace ƙofa. Ya samo arba'in da ɗaya. A ƙauyen Sarkin Yamma aka ce masa wata Hadiza ta tsallaka iyaka wurin danginta da nata ƙullin. Ya bar saƙo a hannun direbobin kasuwa, amma bai taɓa jin ko ya isa gare ta ba.