Ɗanasabe da Fijo Marar Inji

Ɗanasabe direba ne mai kyakkyawan hannu, wuyansa ne kawai ke da matsala. Ba ya iya wuce mutumin da ya sani a hanya bai gaishe shi ba, kuma gaisuwarsa cikakkiya ce. Sai ya leƙo da kai ta taga, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi jikin tsohuwa, ita kuwa mota tana ci gaba da tafiya da iyakar iliminta. Daga Wurno zuwa Rabah, daga Wurno zuwa Goronyo, babu wanda bai sani ba. A Tursa yana gaisawa ya tura jaki cikin rami. A Sisawa ya ƙara wa wani magidanci ƙofa a katanga. Ta ƙarshe a bakin kasuwar Goronyo aka yi ta, inda ya shige rumfar masu albasa da fasinja cike, yana amsa "lahiya lau". Ba wanda ya ji ciwo, amma an sha kuka, da yake albasa ce.

Motar ba tasa ba ce, ta Alhaji Lawwali ce, mai motocin haya. Alhaji ya gyara wa mutane rumfarsu, ya karɓe makullinsa ya ba wani. Ƙungiyar direbobin tasha kuma ta dakatar da shi.

A da, dakatarwa ba wata aba ba ce. Mutum zai huta sati biyu, ya kawo dattijo da goro, a yi masa faɗa, ya koma bakin sitiyari. Rashin sa'ar Ɗanasabe shi ne, a watan ne Ciyaman Mansur, shugaban tashar, ya je bita a Sakkwato, ya dawo da jaka mai tambari da kalma guda. Wanda ya karanta littafi ɗaya tak abin tsoro ne, amma wanda ya halarci bita ɗaya ya fi shi.

"Goro ya ƙare," in ji Ciyaman, ya ture ƙullin da Ɗanasabe ya ajiye a gabansa, ko da yake bai ture shi da nisa ba. "Yanzu inshora aka magana. Duk direban da anka dakatar, sai ya kawo takardar da za ta biya in ya sake yi ma wani ɓarna."

"Ranka shi daɗe, ina aka samun ta?"

"Wajen masu ita."

Mai ita shi ne Malam Ephraim, mutumin Zuru, wakilin wani kamfanin inshora, wanda ke kafa teburinsa kusa da tashar Rabah ranar kasuwa. Mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin wanda ya daɗe yana sayar wa mutane abin da ba su yi imani da shi ba. Ya ba Ɗanasabe kujera, ya buɗe biro.

"Lambar mota?"

"Ba ni da mota, Malam."

"To, me zan yi wa inshora?"

"Ni."

Malam Ephraim ya rufe biron. Ya ce ya taɓa jin cewa a wasu ƙasashe ana yin haka, mutum ya yi wa hannunsa inshora, duk motar da ya hau takarda ta bi shi. Shi dai a teburinsa takarda mota take bi, kamar yadda jela ke bin saniya.

"Ka samo mota tukuna."

Ɗanasabe ya koma wajen Alhaji Lawwali. Alhaji ya ce ya kawo shaidar an janye dakatarwa, sai a yi maganar mota. Ya koma wajen Ciyaman, Ciyaman ya ce inshora. Ya koma Rabah, Malam Ephraim ya ce mota. Kowannensu da gaskiyarsa, kuma babu abin da ya kai taron masu gaskiya iya hana talaka cin tuwo.

Haka ya zauna a bencin tasha har aka cire albasa aka gama. In mota ta shigo, sai a ga ƙafarsa ta dama tana taka birki a ƙasa. In direba ya sa giya da garaje, sai ya runtse ido kamar shi aka murɗe. Ya rame. A gida kuwa ƙosan da matarsa Bilki ke soyawa shi ke riƙe da su, kuma Bilki ba ta ɓoye masa haka ba.

Ita ce ta samo mafita. Namijin da matarsa ke raye bai cika sanin cewa da hankalin aro yake yawo ba.

"Wai mi anka ce? Sai mota mai tahiya, ko mota?"

"Mota anka ce."

"To, ga Fijo ta marigayi Musaddiq can bayan tasha."

Kowa ya san Fijo ɗin. Tun rasuwar mai ita take ƙarƙashin darbejiya a kan duwatsu. An sayar da injin, tayu sun bi dare, kaji sun raba kujerar baya a tsakaninsu. Abin da ya rage mata shi ne sitiyari, lamba, da takardu, waɗanda matar marigayin, Inna Mashkura, ke adanawa a ƙasan kwalla. Bilki ta ja akuyarta ta kai wa tsohuwar. Inna Mashkura ta dubi akuya, ta dubi Bilki, ta ce ita ba ta son cutar kowa.

"Ɗiyata, kin san wagga mota ba ta motsi?"

"Shi yas sa nika son ta, Inna. Kin san mijin nawa."

Ranar kasuwa Ɗanasabe ya shimfiɗa takardun a teburin Malam Ephraim yana ji da kansa. Malam Ephraim ya duba shekarar motar, ya ɗaga gira.

"Tana tafiya kuwa?"

"Tana hutawa."

Malam Ephraim ya duba takardar kamfaninsa sama da ƙasa. "Ba su tambaya ba," in ji shi, "ni ma na janye tambayata." Ya rubuta, ya buga hatimi. A zuciyarsa bai taɓa samun motar da ya amince da ita kamar wannan ba.

Ciyaman Mansur ya karanta takardar a gaban taro, a hankali, da yatsa. Ya yaba. Ya ce wannan shi ne ci gaba, ya sanar cewa an janye dakatarwa. Ɗanasabe ya miƙe zai ruga gidan Alhaji Lawwali.

"Ina zaka?"

"Karɓo makulli, ranka shi daɗe."

"Wagga takarda Fijo ta ambata. Bisa Fijo munka maido ka. In kac ce za ka hau wata mota, mi za ya biya in ka gaida wani? Zaharadeen, sa Fijo a layi."

Zaharadeen shi ne ɗan kamashon da ke kiran fasinja. Ya rubuta lambar Fijo a allo, tsakanin motoci biyu masu rai.

To, tashar tana da wata tsohuwar al'ada. In layin direba ya zo motarsa ta ƙi tashi, ba a tsallake shi. Yana da ikon ba wani direba layinsa, shi kuma wancan ya ba shi kaso daga lodin. An yi al'adar ne don tausayin wanda batir ya ci amanarsa da safe. Ba wanda ya yi tunanin motar da za ta ƙi tashi har abada.

Kullum layi ya zo, sai Ɗanasabe ya shiga Fijo, ya kori kaji, ya zauna, ya kama sitiyari. Zaharadeen ya zo taga, fuskarsa ba dariya.

"Direba, ta tashi?"

"Ta ƙiya."

"Allah shi kyauta. Wa kaka ba?"

Nan direbobi za su yi caa, kowa na kiransa maigida. Waɗanda da ba sa amsa sallamarsa suka koma kawo masa shayi. Ya mai da jiki, har ya yi tumbi. Bilki ta sayi tunkiya. Ta tagar Fijo yake gaida duk mai wucewa, gaisuwa mai tsawo, da kai a waje, ba abin da ya rushe. Malam Ephraim ya riƙa ba da misali da shi a kasuwanni.

Ɗanasabe kaɗai ne bai ji daɗi ba. In motar da ya ba layi ta fita, sai ya bi ta da ido har ta sha kwana, hannunsa na juya sitiyarin da ba ya haɗe da komai.

Da shekara ta kewayo, ƙungiya ta shirya bikin karrama direban da bai yi haɗari ba, wani abin da Ciyaman ya gani a bita. Aka duba aka sake dubawa. Kowa da tabonsa, wannan ya taka tunkiya, wancan ya goge gada, ban da mutum ɗaya. A gaban jama'a aka miƙa wa Ɗanasabe agogon bango, Ciyaman ya ce matasa su yi koyi da shi.

Alhaji Lawwali na wurin, kuma shi mutum ne mai girmama duk abin da aka tafa wa. Yaron da ya ba motar ya riga ya cinye masa giyar mota sau biyu. Bayan taro ya kira Ɗanasabe gefe, ya nuna masa makulli. Ciyaman ya ce ba laifi, muddin aka yi wa motar Alhaji takarda irin ta Fijo, amma ya sani, direba ɗaya layi ɗaya. In ya hau ta Alhaji, an goge Fijo daga allo.

Bilki ta ji labari kafin ya iso gida.

"Da mota marar inji muna cin nama," in ji ta. "Da mai inji gero munka riƙa aro. Kai wai mi kaka nema bisa hanya?"

"Hanyar," in ji shi.

Ta dube shi irin kallon da ake yi wa ciwon da aka saba da shi, ta ce ya dai riƙa gaisuwa da hannu.

Da safe Malam Ephraim ya zo Wurno da kansa ya rubuta sabuwar takardar a kan murfin injin. Wannan karon ya zagaya motar sau biyu, ya taɓa fitilu, ya tambayi birki. Ɗanasabe ya zauna, ya murɗa makulli, motar ta amsa. Ya ɗan rufe ido yana saurare, kamar mai jin muryar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Fasinja suka cika, saura kujerar gaba.

"Malam, ba Goronyo kac ce zaka ba? Shigo gaba, kyauta. Kai ka yi man rana."

Malam Ephraim ya dubi kujerar, ya dubi direban, wanda tuni kansa ya fara fita ta taga yana tambayar wani mai raƙumi ya mutanen gida.

"Na gode," in ji shi, yana sa biro a aljihu. "Je ka kawai. Zan jira ta baya."