Ramin Takin Sista Tabitha

Sara ɗaya Sista Tabitha ta yi da fartanya a ramin takin da ke bayan gidanta na Samaru, ta yi tsalle baya har silifas ɗinta ya fita.

"Yesu Almasihu! Wace irin ƙazanta ce wannan?"

Tsutsotsi ne, irin tanar nan ta damina, jajaye masu yauƙi, sun nannaɗe juna suna mutsu-mutsu cikin ruɓaɓɓen ɓawon doya. Shekara talatin da ɗaya ta yi a aikin nas, kullum cikin ɗura wa 'ya'yan mutane maganin tsutsar ciki, yau ga tsutsa ta kafa gari a gidanta. Ita da ko da kofin wani ba ta shan ruwa!

Noma ba gadonta ba ne. Ritaya ce ta ishe ta da zaman banza, ta shuka ganyen miyar nan ugu kunya shida, ta haƙa rami ta riƙa zuba ɓawo da toka da kashin kaji, yadda ta ji a shirin noma na rediyo. Mai rediyon bai taɓa ambatar tsutsa ba, munafuki. Kuma yau ɗin nan Maman Ejike, babbar mai sayar da ganye a kasuwar Sabon Gari, za ta zo duba lambun. In ya yi mata, ita za ta riƙa kwashe ugun duk mako. In bai yi ba, sai Tabitha ta ci abinta har ya fito mata ta hanci. To wa zai sayi kayan miya a bakin wannan juji?

Ta ɗora babbar tukunya. Ta sheƙa tafasasshen ruwa a ramin, ta bi da kwanon gishiri guda, ta ƙarasa da kananzir don kada a bar baya da ƙura. Wari ya tashi. Ta toshe hanci da bakin zane, ta rufe wurin da busasshiyar ciyawa, sannan ta wanke hannu sau uku.

Wajen sha ɗaya ɗan acaɓa ya sauke Maman Ejike. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar Bazazzagiya. Ko kallon ugun ba ta yi ba, ta wuce bakin ramin ta tsuguna.

"Ganyen yana nan, Maman Ejike," in ji Tabitha da sauri.

"Na gan shi, Sista. Ai ganyen takin zamani ma kyau gare shi da safe, kafin azahar ya langaɓe mini a tebur. Ni ƙasa nake dubawa. In na sa hannu na ji tana na motsi, na san ganyen zai kwana biyu."

Ta kau da ciyawar, ta cusa hannu har gwiwa. Ta fito da tsutsotsin cike da tafi, sun yi fari fat, sun saki kamar dafaffiyar taliya. Ta shinshina.

"Kananzir! Kai, mutane ba su da imani. Sista, wa ya yi miki wannan mugunta?"

Tabitha ta dubi katangar maƙwabta. Ƙarya ta zo mata har baki, ta haɗiye.

"Ni ce."

Maman Ejike ta miƙe. Ta goge hannu a zane.

"Wannan ramin ya mutu. Ki haƙa sabo, ki nemo tana masu rai ki zuba. Bayan wata biyu zan dawo, in na ji motsi mun shirya."

"A ina zan samo su?"

"Inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Da hannu fa, fartanya tsinka su take yi."

Da la'asar Sista Tabitha ta zaro safar hannu ta asibiti, ta ƙarshe da ta rage mata a akwati. Ta tsuguna a bakin magudanar bayan kicin, ta kau da kai, ta cusa yatsu cikin taɓo mai wari. Wani abu mai sanyi ya motsa. Ta yi kakarin amai, ta tofar, amma ba ta sake shi ba. Ta jefa shi cikin gwangwanin madara.

Rana ta haske cikin gwangwanin, tanar ta fara murɗewa. Tabitha ta yi tsaki, ta ɗebo danyar ƙasa ta lulluɓe ta.

"Saura ki mutu mini, 'yar banza," ta ce, ta sake mai da hannu cikin taɓon.