Ledar Kujerar Moto

Ɗanlami yana goge motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar gida sai Atika ta leƙo daga zaure.

"Yaya, yau ma Baba ya ƙi shan ruwa. Tun safe ko kunu bai taɓa ba."

Bai ɗago kai ba. Ya san dalili.

Tun da aka cire wa mahaifinsu Malam Shu'aibu robar fitsari a asibitin Maradi, fitsarin ya daina jiran izininsa. In ya yi tari ko ya miƙe tsaye, sai ya zubo. Lokotoro ya ce abin zai lafa sannu a hankali, ya riƙa sa tsumma mai tsabta cikin wando, kada kuma ya rage shan ruwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce tsohon ya shirya, ya ce a kai shi masallaci. Ɗanlami ɗan kabu-kabu ne, kujerar moton nan ita ce abincinsa. Sai ya zaro leda ya shimfiɗa a kai, a gaban Hamisu mai shayi da mutanen da ke zaune kan benci. Uban ya dubi ledar, ya ce ya manta carbinsa, ya koma ciki. Bai sake fitowa ba. Daga ranar kuma ya fara gudun ruwa.

Ɗanlami ya ajiye tsumman goge moto ya shiga ɗakin uban, ya durƙusa.

"Baba, an kusa kiran salla. Mu tafi."

"Kai ka tafi. Allah ya san uzurina."

"Liman ya ce alwalarka ta yi, ko da ya zubo. Ka sha wannan tukuna." Ya miƙa masa moɗa.

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya kurɓa.

Da suka fito, Malam Shu'aibu ya sa hannu aljihu ya ciro wata leda a ninke, ya fara shimfiɗa ta a kan kujerar da kansa. Ɗanlami ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya karɓi ledar ya cusa a aljihunsa.

"Hau kawai, Baba."

Sun kusa bakin tafki moton ya faɗa rami. Ɗanlami ya ji ɗumi yana ratsa bayan wandonsa. Tsohon ya fara ja da baya.

"Matso ka riƙe ni da kyau, Baba," in ji shi. "Hanyar nan ta lalace."