Kambin Ganye

Mutaru ya dawo daga sallar azahar ya tarar teburin cin abinci ya ɓace a ƙarƙashin ganye: ja, ruwan ɗorawa, ruwan goro, wasu da sauran laimar ruwan sama a jikinsu. Efua, maƙwabciyar da ke riƙe masa yara in ya fita, ita ta kai su filin shaƙatawa na unguwar Mount Hope, a nan ƙasar Turawa inda itatuwa ke zubar da ganye gab da sanyi, suka tsinto.

"Wannan sharar fa?" ya tambaya.

'Yarsa Tahiratu, mai shekara bakwai, ta amsa da Turanci kamar kullum. Malamarsu ta ce gobe Litinin kowa ya zo da kambin ganye, wanda ya haɗa tare da iyayensa.

Lahadi ce kaɗai ranar da Mutaru ba ya tuƙa tasi, kuma bayansa ciwo yake yi. A Kumasi, inda ya tashi, ganyen da ya faɗi tsintsiya ce maganinsa. Irin wannan aiki ma na matarsa Suweiba ne, ita kuwa ta tafi gida Kumasi tun lokacin zafi, jinyar mahaifiyarta da ɓarin jikinta ya shanye. Da farko yaran rige-rigen waya suke yi in ta kira. Kwanan nan Tahiratu ta daina. Da ta ji muryar uwar sai ta shige banɗaki ta rufe ƙofa. Suweiba kan ce ƙuruciya ce, ta yi dariya, amma Mutaru ya san dariyar matarsa ta gaskiya, ba wannan ba ce.

"Ku bari in ɗan miƙe tukuna," ya ce.

Tahiratu ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko leda ta fara tura ganyen ciki a hankali. Rashin gardamar ne ya hana shi kwanciya.

"Kawo almakashin."

Ya yanko kwali, ya auna shi a kanta, ya fara liƙi. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Busassun ganyen suka riƙa karyewa a yatsunsa, masu laima kuma suna zamewa. Ƙaninta Abdul-Hanan, ɗan shekara huɗu, ya matsa gam a tafin hannunsa, ya ga ba inda zai kai shi, ya shafe a gemun ubansa. Da aka gama, abin ya fi kama da sheƙar da iska ta jefo daga kan itace. Tahiratu ta ɗora a ka, rabin ganyen ya zubo mata a kafaɗa.

"Ba haka Mma take yi ba," ta ce.

"To yaya take yi?"

"Da dutsen guga. Sauran ban sani ba."

Mutaru ya zaro wayarsa. Da ya nemi bayanin a cikinta, nan take zai samu. Ya ɗan juya ta a hannu, sannan ya ajiye ta a tsakiyar ganyen.

"Ni dai kin ga iyakar basirata," ya ce. "Mutum ɗaya na sani da ta iya."

Ya shiga kicin ya buɗe famfo, ya yi ta wanke gemun da tuni ya fita. Can ya ji Tahiratu ta danna kiran bidiyo, wayar tana kira.

"Baban Tahira?" Muryar Suweiba ce, ana kiran magariba a bayanta.

Sannan yarinyar ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe.

"Mma, Baba ya ɓata ganyena."

Suweiba ta ce, "Nuna min in gani, uwata."

Aka nuna mata. Ta yi dariya har da tari, Mutaru na jin ta daga kicin. Daga nan sai umarni: takarda mai kaki, wadda ake naɗe abinci da ita, tana aljihun tebur na ƙasa, a shanya ganyen ya sha iska, a sa shi tsakanin takarda biyu, a rufe da tawul, kada gugar ta yi zafi da yawa. Mutaru ya fito ya tsaya yana guga, Abdul-Hanan na miƙo masa ganye. Suka riƙa fitowa a miƙe, suna sheƙi, sun daina karyewa.

Tahiratu ta jawo wayar kusa da fuskarta.

"Kin ce za ki dawo kafin ganye ya zube."

Hannun Mutaru ya tsaya. Bai san da wannan magana ba.

"Na faɗa," in ji Suweiba. "Ban cika ba. Kakarki ba ta iya tashi sai da ni, kuma ban san ranar zuwana ba. Ba zan sake yanka miki rana ba sai na tabbata."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana tona tarin ganyen da yatsa. Ta zaro wani ja mai faɗi, wanda ya fi duka kyau. Ba ta kai shi wajen kambin ba, ta miƙa wa ubanta.

"Wannan na Mma ne," ta ce. "Ka goge shi sosai, don ya daɗe."