Ƙuda a Bayan Gilashi

Mai Firam mutum ne mai magana ɗaya. Shekara talatin yana sa hotuna a gilashi, kuma abin da yake tinƙaho da shi shi ne bai taɓa buɗe firam ɗin da ya rufe ba. In ya ɗora kwali, ya buga ƙusoshi, ya bi bayan da takarda da gam ɗin sitacin da yake damawa da kansa, to ko iska sai ta nemi wani gidan. Haka yake gaya wa kowa, har wanda ya shigo tambayar hanya.

Wata safiya yayarsa ta zo da takarda a naɗe cikin mayafi. Hoton fuskarta ne tana budurwa. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa ta a katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Gara ta cinye katakon tuntuni, wannan kaɗai ta rage.

"Auta, ka adana min ita," ta ce. "Ba ni da wata."

Ya sa safar hannu, ya yi aikin da bai taɓa yi wa baƙo ba. Ya yanka kwali mai kauri don kada takardar ta taɓa gilashi, ya goge gilashin sau uku, ya rufe, ya liƙe. Da ya juyo da firam ɗin don ya yaba wa kansa, sai ga ƙuda a ciki, zaune a kan hancin Yaya yana wanke hannu.

Matarsa, wadda ta kawo masa abinci, ta leƙa ta ce, "Malam, buɗe ka kore shi mana."

"In buɗe? Ai gobe zai mutu. Da me zai yi numfashi?"

Gobe ta zo, ƙuda ko atishawa bai yi ba. Nan fa hankalin Mai Firam ya tashi, kuma ba don hoton ba, kaico. Lissafinsa shi ne, in ƙudan ya mutu, aikinsa ya tabbata. In ya rayu, iska na shiga ke nan, shekara talatin yana yi wa mutane ƙarya. Sai ya jingine firam ɗin a bango, ya jawo kujera, ya zauna jiran mutuwa.

Tela maƙwabcinsa ya ji labari, ya bar keken ɗinki ya zo da tasa kujerar. Kullum da safe zai leƙo ya ce, "Ya mai jiki?" Mai Firam ya ce da sauƙi, yana cizon yatsa. Ƙuda kuwa ya gano inda sitaci ya ɗan ɓullo a kusurwa, yana lasa yana ƙiba. An ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, amma wannan bai samu labari ba.

Ran kwana huɗu matarsa ta nuna masa ɗige-ɗigen baƙi a kumatun hoton. "Kashi yake yi a fuskar yayarka, Malam. Takarda ce fa, ba ta wankuwa."

Ya gani sarai. Har ya ɗauki wuƙar yanka kwali, sai ya hango Tela yana kallonsa, ya mayar da ita aljihun tebur. "Saura ƙiris," ya ce. "Dubi yadda yake jan ƙafa."

Ran kwana tara ƙuda ya faɗo ƙasan firam, ƙafafu sama. Tela ya cire hula. Mai Firam ya ji daɗin da bai ji ba ko ranar da aka haifa masa ɗan fari, ya aika a kira Yaya.

"Kin gani? Ya mutu. Ko numfashi ɗaya bai samu ba. Shekara ɗari wannan hoton zai yi yadda kike ganinsa."

Yaya ta ɗauki firam ɗin ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Daga goshi har haɓa, ɗigo ne baƙi-baƙi, ba masaka tsinke. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai hannu ta shafa fuskarta, wadda zanzana ta cika tun ciwon da ta yi tana shekara shida.

"Mijina kaɗai ne ya taɓa kallona bai ga waɗannan ba," ta ce a hankali. "Yanzu kam ta yi kama da ni."

Kunya ta rufe Mai Firam. Ya lalubo wuƙar. "Yaya, kawo in buɗe."

"Bar shi, Auta," ta ce, tana naɗe firam ɗin a mayafinta. "Ai kai ba ka buɗewa."