Motar Ashiru a Bakin Lungu

"Sake dannawa, in ji," Na Allah ya ce daga kan kekensa.

Ashiru bai ko waiwaya ba. Yana zaune cikin jar motarsa mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa, yana jijjiga volan, wato sitiyari, da hannu biyu kamar mai kokawa da rago. Volan ya ƙi motsi. Ya danna maɓallin tashi, fitilun gabansa suka dushe, wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashin volan, sannan ya yi shiru.

Ranar Talata ce bayan la'asar, ina dawowa daga masallacin da nake na'ibin limami. Lungunmu a Tasawa baki ɗaya gare shi, ba ya ɓullewa. Gidan Alhaji Maikuɗi, mahaifin Ashiru, ke bakin, sai nawa, sai na Na Allah a ƙurya. Ashiru ya karya kan motar zai shiga gidansu, ya kashe ta ya fita buɗe ƙofa, da ya dawo makullin volan ya ƙi saki. Ta tsaya a gicciye, ƙafafunta na gaba a murɗe. In an tura ta gaba ginshiƙin ƙofa za ta dosa, in an tura ta baya katanga. Abin da ya rage na hanya, mutum sai ya karkace yake wucewa.

Na Allah shekara talatin ya yi yana gyaran mota a tasha. Babu direban Mayahi ko Gidan Amumune da bai san hannunsa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wata babbar mota ta zame ta danne masa ƙugu, ƙafafunsa suka mutu. Da kansa ya ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, kuma tun ranar da ya hau shi ban san Juma'ar da ta wuce shi ba.

Wannan shi ne karo na huɗu da motar ta yi haka cikin wata biyu. Da farko an sake batiri. Na biyu wani saurayi ya zo daga Maraɗi da na'urarsa ya goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar. Na uku aka kawo sabon makulli dungum daga Kwatano. Kowane gyara mako guda yake yi, matsalar ta dawo.

"Yaushe anka wanke ta?" in ji Na Allah.

"Jiya," Ashiru ya amsa da ƙyar.

"Wancan karon ma washegarin wanki ne, da wanda ya gabace shi. Ina zaune ina kallo. Batirinta baya yake, cikin rami, ruwa na kwanciya wurin. Akwai baƙar waya da ke hitowa daga batiri ta kama jikin mota, mas muke ce mata. Tsatsa ta ci bakinta. Wuta na zuwa, amma ba ta isa ta janye harshen makulli ba. Lahiyayyen makulli ƙas-ƙas yake yi, sau biyu. Naka gurnani ɗai yake. Buɗe baya, ɗana. Kile dis, sifana mai lamba goma, da wuƙa, a kwance, a kankare, a ɗaure."

"Bon, Baba, wagga ba akwalar tasha ba ce. Ƙwaƙwalwa gare ta. Mai na'ura ya ce kowa ya taɓa waya ƙonewa za ta yi. Gobe zai zo."

"Ƙwaƙwalwa gare ta? To, da ta sam maka kaɗan."

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Na ga fuskar Ashiru ta ɗaure. Ya fito, ya kulle motar, ya shige gida. Na sha tunanin cewa wannan dariyar ce ta rufe hanyar, ba makullin volan ba.

Laraba mai na'ura bai zo ba. Alhamis ma bai zo ba.

Tun damina numfashin Na Allah yake yankewa, jikinsa yana kumbura. Likita ya faɗa wa matarsa Saudatu cewa zuciyar ta gaji. Ranar Alhamis da hantsi na same shi a zaure yana ɗiga wa sarƙar kekensa mai.

"Malam Yusha'u, Juma'ar ga nike so," ya ce. "Ban hango ta gaba ba."

Sai na kawo masa abin da na iya. Na ce shari'a ta ɗauke wa maras lafiya halartar Juma'a, kuma ladan niyyarsa yana nan cikakke.

"Na san hukuncin, Malam, bakinka na ji shi. Amma ba ciwo ya tsare ni ba. Mota ce."

"To mu ɗauke ka mu ratsa da kai, mu ɗaga keken ta sama."

"Ina da rai, ba za a ratsa da ni a karkace kamar buhun hatsi ba. Shekara sha ɗaya ni ke kai kaina gaban Ubangijina. Kai dai yi ma yaron magana. Kai yana jin nauyinka."

Na tafi. Allah Ya sani na tafi da magana mai zafi a bakina. Amma da na tsaya a ƙofar gidan, na tuna Alhaji Maikuɗi ne ya rufe mana masallaci da kwano, shi ya sa mana fanka da lantarkin hasken rana, ga shi kuma ba ya gari. Sai zafin ya huce tun kafin Ashiru ya fito. Na gaishe shi, na tambayi lafiyar mahaifinsa, na ce ko a samu majiya ƙarfi su ciccibe motar su gyara mata tsayuwa.

"Haba Malam, gabanta roba ne, karyewa zai yi. Mai na'ura ya rantse mani gobe tun da sahe yana nan."

"Ko ka gwada abin da Na Allah ya faɗa?"

"Wanda ya zage ni gaban mutane?"

Na ce Allah Ya kawo mai na'ura lafiya. Ni da nake karantar da haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci shekara da shekaru, abin da na iya faɗa ke nan. Har yau idan na tuna, da harshena nake fushi kafin na yi fushi da yaron.

Juma'a ta zo, mai na'ura bai zo ba. Da na fito na tarar da Na Allah ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ƙamshin turare yana tashi. Ya tuƙo kekensa har bayan motar, ƙafar gaba ta kusa taɓa ta. Ya aika a kira Ashiru, an ce ya riga ya tafi masallaci bisa babur, makullin motar yana aljihunsa.

Na tsaya a gefensa.

"Tahi, Malam, kar ka rasa sahu," ya ce.

Na tattare rigata, na karkace, na wuce.

Saudatu ta ba ni labari daga baya. Ta ce yana nan cikin rana har aka gama huɗuba, yana saurare daga lasifika. Da aka sallame ya juya kekensa gabas, ya yi azahar raka'a huɗu da nuni. Da ya shigo gida bai ci abinci ba.

Asabar da hantsi na ji kukanta ta katanga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na wanke shi, ni na sa masa likkafani. Tafin hannunsa, duk sabulun da muka sa, baƙin mai bai fita daga layukansa ba.

Aka kawo makara, ta ƙi shiga lungu sai da aka karkata ta. Direbobin tasha sun cika titi. Wani daga cikinsu ya ce in an ɗora gawar, sai a karkata a ratsa da ita haka nan, a ɗaure da igiya kada ta zame.

A nan ne abin da na haɗiye ranar Alhamis ya fito. Na buga ƙofar Alhaji Maikuɗi da sandata har Ashiru ya leƙo.

"Fito!" na ce. "Ka hana bawan Allah Juma'arsa ta ƙarshe don ya faɗa maka gaskiya an yi dariya. Wallahi ba za a karkata shi ba. Ko ka buɗe bayan motar ga yanzu, ko in sa mutanen tasha su kifar da ita, roba da ƙwaƙwalwa da komai. Ubanka in ya dawo ya kwashe kwanonsa, mu yi salla cikin rana."

Babu wanda ya taɓa jin muryata haka. Ashiru ya dubi jama'a, ya dubi makarar da ke jingine. Ya buɗe bayan motar.

Saudatu ta aiko da wani ƙulli na tsumma. Ta ce cikin kwandon keken ta same shi, tun ranar Juma'a yake ciki. Kile dis ne da 'yar wuƙa.

Ashiru ya ɗaga shimfiɗar da ke rufe batirin. Ruwa ne kwance a ramin, mai launin tsatsa. Bakin baƙar wayar ya yi kore, ya yi ɓawo. Ya durƙusa cikin farar shaddarsa ya kwance, ya kankare har ƙarfen ya yi haske, ya ɗaure. Duk aikin bai kai tsawon alwala ba. Ya zagaya ya zauna, ya danna maɓallin.

Ƙas-ƙas.

Volan ya juya a hannunsa. Injin ya tashi da ƙarar da ta cika lungun. Ya shigar da ita gida ya kashe.

Muka fito da Na Allah a miƙe. A bakin lungu Ashiru ya matso ya sa hannu zai kama makarar. Na so in ture hannun, amma ba ni da wannan haƙƙin, kuma nawa hannun bai fi nasa tsabta ba. Ya kama. Yatsunsa suka bar jan tsatsa a jikin itacen.

Da muka dawo daga maƙabarta lungun yana buɗe, har amalanke zai iya shiga. Keken yana ƙofar gidan Na Allah, kansa yana duban titi. Man da ya ɗiga wa sarƙar ya tsiyaya, ya yi ɗan baƙin tabo a cikin yashi.